Azumin Kifayen Baba

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Kunyar 'yar fari ce irin ta matan da, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Ba sunan kaɗai ba, ko magana ba ta cika yi mini kai tsaye ba. In tana son muciya, ina tsaye a gabanta har ina jin numfashinta, sai ta dubi tukunya ta ce, “A ce ma waccan ta miƙo muciya.” Tukunya ta sha aike a gidanmu, haka akuya, haka turmi. Ina yarinya abin yana ƙona mini rai, har na taɓa tambayar Baba ko tsinto ni aka yi a tashar Tasawa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce in je in duba kwanona in gwada da na ƙanena. Na duba kuwa. Tsokar da ta fi girma a nawa take, an binne ta ƙarƙashin tuwo yadda ba mai gani.

Haka Inna take: abin da bakinta ya ƙi faɗa, kwano ke faɗa. Ta taso a wani ƙauye can wajen Hawandawaki, ta ga shekarun yunwa da idonta tana ƙarama, kuma ba ta ba da labarinsu. Abin da suka bar mata doka ɗaya ce: ba mai ran da zai kwana da yunwa a gidanta. Baƙo, kazar maƙwabta da ta ɓata hanya, matan Fulani masu kawo nono in rana ta tsare su a zaurenmu, kowa sai ya ci, ko yana so ko ba ya so. In ka ce mata ka ƙoshi, ka zage ta ke nan.

Baba kuwa direba ne na wani biro, wato ofis, ya yi shekaru a kan hanya tsakanin Tasawa da Mayahi da Maradi. Da ya ajiye aiki, mun ɗauka tumaki zai saya kamar sauran dattawa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Sai ga shi ya kira magini, ya sa an gina masa kwami biyu na siminti a bayan gida, kusa da 'yar garkar zogale, yana kiransu basan. Wai kiwon kifi zai yi. A Tasawa! Mu kifin da muka sani shi ne bandararre na kasuwa, ko wanda ake tsamowa a tabki in damina ta ja baya. Abokan hirarsa sun yi ta tsokanarsa, wai ya tuƙa mota har ya gaji, yanzu kuma jirgin ruwa yake nema. Bai kula su ba. Ya je Maradi ya dawo da 'ya'yan tarwaɗa a cikin bido, wato jarkar roba, ba su fi ɗan yatsa ba, ya zuba su a ruwa yana ta bisimilla.

Inna ta leƙa, ta ga wasu baƙaƙen abubuwa masu gashin baki suna wutsil-wutsil, ta taɓe baki. Nan take ta raɗa musu suna 'yan haya, wai sun samu ɗaki da ruwa da abinci, ba su shara, ba su gaisuwa. Amma ba a je ko'ina ba na lura in Baba ya tafi masallaci takan zagaya baya da ɗan abu ƙunshe a gefen zane.

Baba yana da wani tsohon ludayin ƙarfe da ya rataye a ƙusa jikin bango. Safe da la'asar, kafin ya watsa musu ƙwayoyin abincin da yake sayowa a buhu, sai ya ƙwanƙwasa bakin basan da ludayin. Kafin ka ƙifta ido ruwan ya hautsine, baki ta ko'ina a buɗe, wutsiyoyi na watsa masa ruwa a riga. Sai ya tsaya yana murmushi, gaban rigarsa sharkaf. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin wannan ba, ko ranar aurena.

Rigimar farko a kan azumi ta tashi. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Mayahi, na zo hutu gida. Wani mutumin Mayahi ya ga kifayen ya yi sha'awa, ya gina nasa kwamin, ya roƙi Baba ya kai masa wasu da ransu. Aka shirya zan bi motar in koma bakin aiki. Ana gobe, Baba ya tsaya a tsakar gida ya yi shela.

“Daga yau 'yan haya na azumi. Kada kowa shi ba su komi sai sun isa Mayahi.”

Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya. “Azumi? Malam, wane wata muke ciki? Kihi ya balaga ne da za a aza mishi azumi?”

“Mai ciki cike ba shi tahiya,” in ji Baba. “In sunka ci, hanya ta jijjiga su, amai za su yi cikin ruwan da suke kwance. Kashin ma nan ciki. Bido ba tabki ba ne. In cikinsu wayam ne, ruwan na zama da tsabta, su ma ba su galabaita.”

“To ba a gidana ba,” Inna ta ce. “Ko bara aka zo yi gidan nan ba a komawa da ciki wayam, balle tahiya.”

Baba ya ɗauka magana ce kawai. Washegari muka ɗora bido-bido a bayan mota, muka kama hanya, ga gargada ga rana. Da muka isa aka buɗe, wani tsami ya daki hancinmu. Ruwan ya yi fari-fari, wasu kifayen sun juya ciki sama, ga gutsattsarin wani abu na yawo. Baba ya sa yatsa ya tsamo gutsure ɗaya, ya sunsuna. Can ya ce, “Tuwon hatsi ne, miyar kuka, daddawa ta ji. Hannun uwarki ne.” Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya naɗe gutsuren a ganye ya sa a aljihu. Ƙanena ne ya ba ni ƙarshen labarin: Baba ya koma gida, ya ajiye ganyen a gaban Inna da ladabi, ya ce 'yan haya sun gode da guzuri, ga saura sun aiko. Da Inna ta ji labarin waɗanda suka mutu, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, don ita da zuciya ɗaya ta yi.

Azumi na biyu ba Baba ya sa shi ba. Wata shekara abincin kifin da ake kawowa ta Katsina ya yanke a kasuwa, aka nema har Maradi aka rasa. Ɗan abin da ya rage a buhu Baba ya ware wa ƙananan da ke basan ɗaya, ya bar manyan haka nan, ya ce su suna da abin da za su jingina da shi. Inna ta yi ta zirga-zirga tsakanin madafa da bayan gida kamar mai jinya. Ba ta ƙara jefa musu tuwo ba, amma ko za ta wuce sai ta ce musu sannu.

A lokacin ne na ji karatun Baba, don hutun damina ya same ni a gida. In za a yi miya yakan kamo ɗaya, Inna ta fede, shi kuma ya tsuguna kusa yana nuni da tsinke. A da in ta buɗe cikin tarwaɗa, kitse ne fari tas naɗe da hanji, hanta cike ja-wur. Da kwanaki suka tura, hantar ta fara tsukewa. Daga baya kitsen ya yi ta raguwa har ya zama ɗan zare-zare. Maɗaciya kuwa, da ba ka ganinta sai ka nema, ta kumbura ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi.

Baba komai sai ya kai shi ga mota. “Kin ga mota, in isansi ya ƙare, tsayawa take, shi ke nan. Kihi ya hi ta dabara. Da farko shina jan ɗan abin da ya ajiye cikin hanta. In wannan ya ƙare shi koma ga kitse, wannan shi ne bidon da direba ke ɓoyewa bayan kujera. Kuma shina rage gudu, shi kwanta ƙasa, ba shi motsin banza, don abin shi kai shi nesa. In kitsen ya ƙare, to sannan ne shike kama cin naman jikinshi. Nan ne za ki ga kai ya yi girma, baya ya zube. Nan ne abin tsoro.”

Inna ta taɓa maɗaciyar da bakin wuƙa. “Wannan hwa, mi ya kumbura ta?”

“Ruwan ɗacin na aikin narka abinci ne. Ba abinci, ba inda za shi, sai shi taru shina jira. Duba hanjin ma, ya yi siriri. Abin da ba a aiki da shi jiki ba shi ɓata ƙarfi wajen riƙonshi.”

Inna ta ce, “Allah Sarki,” ta wanke hannu. Ranar ko ɗanɗana miyar ba ta yi ba.

Da buhu ya samu, ita ta fara isa bayan gida, da kwano cike taf. Baba ya riƙe mata hannu. Ya ce buɗa-baki za a yi, ba walima ba. Ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu, ya jiƙa da ruwa har ya yi laushi, sannan ya watsa. Inna ta ce tunda abin ya kai haka a aika kasuwa a sayo musu dabino. Ya ce ta yi dariyarta, amma cikin da ya daɗe a rufe, in an danna masa abinci da yawa, ba ya iya narkarwa; kumburi zai yi, ruwan ma ya lalace da abin da suka bari. Haka ya yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan. Abin mamaki, da cikinsu ya buɗe sai suka kama ci kamar masu ramuwa, suka yi ta girma da sauri har suka kusa kamo inda ya kamata su kai. Inna ta ce ai dama ta san 'yan haya ba su barin bashin ciki.

Baba ya rasu a farkon wani sanyi. Bai daɗe kwance ba: zazzaɓi ne da tari, aka kai shi likita, aka dawo da shi a rufe. Ranar da ciwon ya kama shi ma maganar zuwa Maradi yake yi, don buhun abincin ya kusa ƙarewa.

Gida ya cika maƙil. 'Yan'uwa daga Kona da Hawandawaki, abokan aikinsa na da, mutanen Mayahi da suka biyo ni. Tukwane ba su sauka daga murhu ba. Don kada yaran baƙi su faɗa ruwa, aka ja ƙyauren langa-langa na bayan gida aka ɗaure da waya. Daga nan hankalin kowa ya bar wajen, don abin da ke gabanmu ya fi kifi.

Inna ta shiga takaba, ta zauna a kan tabarma da carbi. Ba ta yi kuka ba, ko sau ɗaya. Kuma ba ta ci ba. Matar da ta ciyar da rabin unguwa, sai ga shi ruwa kawai take kurɓa, wani lokaci ta lasa fura ta ture. Da farko mun ce zafin rashi ne, zai wuce. Baƙi suka fara watsewa, ƙanena ya koma Maradi wajen aikinsa, makonni suka shuɗe, ba abin da ya sauya. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannunta ya koma zamewa har gwiwar hannu. In ta tashi alwala sai ta dafa bango. Malamin likita ya zo ya duba ta, ya ce bai ga wani ciwo ba, rashin ci ne, kuma in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na rasa uba, ga shi ina kallon uwa tana bin bayansa a hankali, a gaban idona, da tukunya cike a kan wuta.

Na nemi izini a lakwal na zauna. Muka rage mu uku: ni, da Inna, da Gwaggo. Gwaggo yayar Baba ce daga Kona, mace mai murya kamar tana kiran wani daga gona, mai zuciya fara tas, wadda har lokacin Amarya take kiran Inna, ko da yake amaryar ta yi jikoki. Maganin Gwaggo na kowace cuta malmala ce. Takan shigo da tuwo kwano guda, man shanu na naso a kai, ta dire a gaban Inna. “Amarya, ki ci! Mamaci ba shi son haka!” Maƙwabta su ma suna aikowa, shinkafa, dambu, fura ƙwarya guda, kowa yana son nasa ya fi yawa don a san ya damu. Inna takan dubi tulin ta kau da kai. Ranar da Gwaggo ta matsa mata har ta haɗiyi 'yan lomomi, ko minti kaɗan ba a yi ba ta dawo da su. Ni kuwa in na durƙusa zan roƙe ta, sai ta juya fuska bango. Ko a wannan hali kunyar 'yar fari ba ta sake ta ba, kuma wallahi a lokacin na tsani kunyar nan.

Gwaggo ce ta gano kifayen. Ranar an yi sadakar ƙarshe, abinci ya yi saura da yawa, ni kuma na raka wasu baƙi tasha. Ta kwance wayar ƙyauren don ta tsinko zogale, sai ta leƙa basan. Ruwan ya ja baya amma bai yi wari ba, ga su nan kwance a ƙasa da ransu, kawuna manya, jiki ya zube. Da na dawo ta tare ni tun daga zaure, idonta da hawaye, fuskarta da alfahari.

“Ɗiyata, marayun ubanki na baya, ba mai tunawa da su! Bayin Allah, sun rame sai kai. Na juye masu sauran sadaka duka, tuwon da shinkahwar da gumba. Su ci su ƙoshi, ladan shi kai ma ɗan'uwana.”

Na ruga na tarar ruwan ya yi kauri, mai na yawo a sama. Na kwashe abin da zan iya da matsami, amma ruwan famfo ya ɗauke tun azahar, ba halin sauyawa sai da safe. Ban iya yi mata faɗa ba. A wajenmu duk abin da ka ba mai rai da sunan mamaci sadaka ce, kuma ita ɗan'uwanta take nema wa rahama.

Da hantsi muka tsamo waɗanda suka mutu, cikinsu a kumbure tim. Gwaggo ta jera su a faranti, ta nufi ɗakin Inna tana kuka kafin in tare ta. “Amarya, kin gani? Sun bi mai su. Sun ƙi zama bayanshi. Jiya na ba su abinci har sunka bari, yau ga su.”

Inna ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta ce, da wata 'yar murya da ta dishe, tana duban kifin da ke sama, “A ce ma waccan ta kawo wuƙa.”

Rabon da ta aike ni tun Baba na da rai. Na kawo da gudu. Hannu bai manta ba. Ta tsaga cikin, ta buɗe da yatsa biyu. Ba kitse ko ɗigo. Hantar ta tsuke ta koɗe, maɗaciya ta kumbura, hanjin siriri kamar zaren ɗinki. Tumbin kaɗai ne a cike dam, kuma da ta huda shi shinkafar ta zubo yadda aka dafa ta jiya, ko narkewa ba ta fara ba.

“Ba bin shi sunka yi ba, Yaya,” Inna ta ce. “Duba. Sun cinye hantarsu, sun cinye kitsensu, sun kama naman jiki. Duk kwanakin nan haƙuri sunka yi, suna jira. Buɗa-baki anka yi masu da tuwo.”

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. “Ni na kashe su ke nan?”

“Ni na riga ki,” in ji Inna. “Tambayi hanyar Mayahi.” Har wani abu mai kama da murmushi ya gifta a fuskarta.

Ta dafa bango ta miƙe. Ba ta yarda an riƙe ta ba. A hankali ta ratsa tsakar gida, tana tsayawa tana hutawa, har bayan gida. A basan na ƙanana, da yawa sun ɓace. Waɗanda suka ɗan fi girma sun cinye 'yan'uwansu. A na manya, masu rai suna kwance a ƙasa, jefi-jefi ɗaya ya taso da ƙyar ya shaƙi iska ya koma. Wasu duk jikinsu tabon cizo ne da bai warke ba. Inna ta zauna a kan kujerar Baba 'yar tsuguno, ta dubi ruwan ta ba da umarni: a zubar da wannan a garka, a jawo tiyo a sa sabo. Sannan ta ƙara da cewa, “Yau kada a ba su komi. Gobe ma a bar su, cikinsu shi huta.”

Ni da Gwaggo muka dubi juna. Inna ce yau take sa wa mai rai azumi a gidanta.

Ranar da za a fara ba su, da la'asar, ta sa na karkaɗe gindin buhun. Ta ɗebi ɗan kaɗan, ta jiƙa a murfin kwano yadda Baba ke yi. Ta miƙa hannu ta ciro ludayinsa daga ƙusa, ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta ƙwanƙwasa bakin basan. Shiru. Ruwan ko motsi bai yi ba. Ta sake. Ba wanda ya taso. Sai ta watsa abincin a lungu ɗaya ta jira. Can wani ya matso a kasalance, ya taɓa da gashin baki, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya koma ƙasa.

“Yawwa,” Inna ta ce masa. “A hankali. Ɗaya ma ta isa yau. Masu cewa ku ci da yawa ba su san yadda cikin ke yi ba in ya ga tulin abinci. Rufewa shike ƙara yi.”

Ina tsaye bayanta da tiyo a hannu, maganar ta shige ni har ƙashi. Shekara da shekaru Inna na aiko mini da saƙo ta bakin tukunya da turmi, na san saƙo in na ji shi. Ko ta san ta aika, ko ba ta sani ba, har yau ban tambaya ba. Na ajiye tiyon na wuce madafa. Na dama kunun tsamiya tsararo, ba kauri, na zuba a ɗan kofin shayi, ko cika shi ban yi ba. Na kawo na ajiye a bakin basan kusa da hannunta. Ban dube ta ba. Na dubi ruwan na ce, “'Yan haya, ku ce ma uwar gidanku ga buɗa-baki.”

Na koma wajen zogale ina tsinka, na ba ta baya. Ganyen da na tsinka ranar ya ishi gida uku. Da na juyo, rabin kunun babu.

Daga nan la'asar ta zama lokacinmu. Ita ta jiƙa nasu, ni in dama nata. In ta ƙara musu 'yan ƙwayoyi, ni ma in ƙara kurɓi ɗaya. Daga kofin shayi muka koma ƙaramar moɗa, daga kunu tsararo zuwa mai ɗan kauri, daga nan romo, daga nan fura da aka dama da ruwa-ruwa. Akwai ranar da ta mayar mini da shi yadda na kawo, na koma madafa na yi kukana, washegari na sake kawowa. Babban aikina kuwa tsare Gwaggo ne. Da ta ga Amarya ta fara sha, sai ta ɗaura zane za ta tuƙa tuwon murna. Na tare ƙofar madafa na ce, “Gwaggo, in kin kuskura, farantin nan zan ɗauko miki.” Ta yi ta mita wai yaran lakwal sun lalace, sun hana tsofaffi neman lada, amma ta ajiye muciyar.

Ƙanena ya aiko da sabon buhu daga Maradi. Kifayen suka fara tasowa tsakiyar ruwa, tabon jikinsu ya rufe, bayansu ya fara cikowa. Suna ci, amma sai abincin ya nutse sun same shi. Kullum Inna sai ta ƙwanƙwasa ludayin, kullum shiru. Na taɓa ce wa basan ɗin, yadda za ta ji, ƙila hannun mai shi kaɗai suka sani. Ta ce wa ludayin a gaya wa waccan ba a tambaye ta ba.

Sanyi ya fara sassautawa, ruwan ya ɗan yi ɗumi. Wata la'asar muka zagaya kamar kullum. Inna ta zauna, ta ciro ludayin, ta ƙwanƙwasa. Kafin ta sauke hannu ruwan ya hautsine. Baki ta ko'ina a buɗe, wutsiyoyi na dukan ruwa, suna hawa kan juna, suna watsa mata ruwa a fuska da mayafi. Ludayin ya suɓuce mata. Ta dubi gaban mayafinta da ya jiƙe sharkaf, ta ce, “Malam, sun taso.” Sai kukan da ta riƙe tun ranar da aka fita da shi ya ɓalle. Ta yi kuka sosai, da murya, kafaɗunta na rawa, hannu ɗaya na watsa musu abinci don kada su jira. Gwaggo ta leƙo za ta yi magana, na girgiza mata kai, ta koma.

Da ta gama, ta share fuska da gefen mayafin, ta ja numfashi. Ta leƙa ruwan, 'yan haya na ta wawaso. Ta ce musu, “Ku tambayi ɗiyata in da sauran tuwon jiya.”

Ɗiyata ta ce. Ba waccan ba.

Akwai saura. Na ɗumama mata ɗan kaɗan, don har yanzu a hankali ake bi. Na zuba miya, na zaɓi tsokar da ta fi girma a tukunya, na binne ta ƙarƙashin tuwon yadda ba mai gani.